Rufin Makaranta da Ƙuri'ar 'Yan Riyad

Ulaisha, Riyad
4 ga Maris, 2016

Zuwa ga Malama Maimunatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Ya Inna da ciwon gwiwarta? Ya Khairat da karatu, ya auta Bilƙisu? Ni nan lafiyata ƙalau, sai dai bayana da ke tuna mini kullum cewa shekara bakwai ke nan ina durƙushe ina shimfiɗa wa Larabawa tayil.

Ga shi na bi dokarki, na rubuta da hannuna na ɗauki hoto na turo, tunda kin ce saƙon murya aikin ragwaye ne. Amma don Allah wannan karon kada ki dawo mini da takardata cike da jan biro. Ni mijinki ne, ba ɗan aji huɗu ba.

Takardarki ta iso, na karanta sau uku. Abin da na fahimta shi ne iska ta yaye kwanon azuzuwa huɗu cikin shida na firamaren Kanyar Maje, bangon ajinki ya tsage har akuya na leƙowa, kuma mai duba makarantu ya ce idan ba a fara gyara kafin damina ba za a rufe, a kai yara Gangaren Rimi. Na san hanyar nan, na san rafin da ke tsakani. Ruwa na sauka babu uban da zai bar 'yarsa ta ƙetare, har da ni. Ke kuma a jefa ki wani ƙauyen da sai an yi tambaya uku kafin a same shi. Wallahi raina ya ɓaci, don a makarantar nan na koyi rubutun da kike yi wa dariya.

Sakataren ƙungiyar ci gaban gari ma ya aiko mana da bayani. Ƙaramar hukuma ta ce aljihunta wayam. Wani ɗan kasuwa a Kano zai ba da kwano da katako da siminti bashi, a riƙa biyansa kowane wata har shekara biyu, amma sai rassa uku cikin huɗu na ƙungiya sun yarda ta hanyar ƙuri'a. Na gida sun yarda, na Kano sun yarda, na Legas sun ce a kai kasuwa. Saura mu. Kuma rabin bashin a kanmu aka ɗora, mu talatin da ɗaya, don mutanen gida sun ɗauka a Riyad da tsintsiya ake share riyal a bakin titi.

Kada ki damu, na ɗaura ɗamara. Tun shekaranjiya nake bin ɗakuna ina wa'azi, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka nake ta faɗa har bakina ya bushe. Abin haushi, aikin da muke yi yanzu a Al-Suwaidi makaranta ce, kowane aji da na'urar sanyaya ɗaki biyu, banɗakinsu kuwa ya fi ɗakin amarya kyau. In na durƙusa ina jera musu tayil sai in tuna ki tsaye da alli rana na dukan kanki.

Wanda ke ba ni wahala shi ne taubashina Shakir ɗan Kawu, direban gidan wani Balarabe. Ya ce shi ko kobo. Wai an taɓa karɓar kuɗinsu aka haƙa rijiyar burtsatse, har yau ko kaza ba ta sha ruwanta ba. Na ce masa wannan daban, ya ce haka aka ce wancan karon ma.

Sai albishir. Na yi magana da kafilina, mutumin da ke riƙe da takardun zamana. Kwantiragina zai ƙare a watan Yuni, ya kuma yarda ya buga mini takardar fita ta dindindin. Da yardar Allah da ku zan yi ƙaramar Sallah, kuma ba komowa. Shekara uku rabona da gida. Ki fara koya wa Bilƙisu cewa Baban waya yana da ƙafafu, kada ta gan ni ta ruga bayan Inna.

Ki gaida Inna da kyau, ki shafa mini kan yara.

Mijinki mai kewarki,
Isiyaku


Ulaisha, Riyad
18 ga Maris, 2016

Malama,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Ina fatan gida lafiya, zazzaɓin Khairat kuma ya sauka. Na ga jan biron, kurakurai goma sha ɗaya. Na yafe, Allah ma ya yafe.

Kin tambayi sakamako. To ki nemi wuri ki zauna, don sau biyu muka yi zaɓe kuma har yanzu ba mu zaɓi komai ba.

Juma'ar da ta wuce muka taru bayan masallaci a falon Alhaji Talle, dattijonmu mai shagon aika kaya a Batha, wanda ya shekara talatin a garin nan. Kafin a fara, Uwais, ɗalibin nan na jami'a ɗan gidan liman, ya miƙe ya ce sai an tabbatar babu riba a cikin bashin. Ya kawo maganganun malamai da Larabcin littafi, irin wanda ko Larabawan unguwarmu ba sa ganewa. Bayan minti arba'in ya yanke cewa tunda farashi a tsaye yake, halal ne. Da ya faɗi haka tun farko da shinkafa ba ta huce ba.

Aka ce mai so ya ɗaga hannu. Kin san mutanenmu, babu wanda ya kalli zuciyarsa, kowa hannun Alhaji ya zuba wa ido, don rabinmu shi ya samo mana aiki, sauran kuma shi ke aika musu kaya gida. Sai ga hannun Alhaji ya tashi sama. Kafin ƙiftawar ido hannu talatin sun bi, har da na Shakir. Na yi kabbara, na fara neman lambarki. Ashe Alhaji na'urar sanyaya ɗaki yake nuna wa da rimot, sanyi ya dame shi. Da ya sauke hannu ya tambaya ko an fara. Shakir ya ce wannan ba zaɓe ba ne, sallar jam'i ce, liman ya ɗaga an ɗaga. Gaskiya ya faɗa, ko da yake na ji kamar in shaƙe shi.

Sai aka shirya ƙuri'ar sirri yau. Dabarar tawa ce, ba zan ɗora wa kowa ba. Na ce a rataya bargo a ƙofar kicin, a ajiye kula biyu a ciki, ja ta masu so, shuɗiya ta masu ƙi. A ba kowa dabino ɗaya a bakin ƙofa, ya shiga ya jefa inda ransa ya kwanta. Babu rubutu, babu kunyar Alhaji. Kowa ya yaba, har Uwais ya sa mini albarka.

Kuskurena biyu. Na farko, na ce kada a ci abinci sai an gama, don kada mutane su ƙoshi su sulale. Na biyu, Alhaji ya ce abin makaranta ne, ba za a yi da dabinon banza ba, ya fito da sukkari mai laushi, wanda ke narkewa tun a hannu. Malama, ki duba lamarin nan. Mutum ya fito daga masallaci da yunwa, ƙamshin shinkafar kabsa na tashi a kicin ɗin da aka tura shi, ga labule ya rufe shi, an kuma damƙa masa dabino. Tun da aka haife mu wa ya taɓa miƙa mana dabino muka yi wani abu da shi ban da bisimilla?

Da aka buɗe kuloli, dabino tara muka samu. Biyar a ja, huɗu a shuɗiya. Sai ƙwallaye goma sha huɗu, tas da su kamar an wanke. Takwas kuwa babu dabinon babu ƙwallon, sai daga baya wani ya ce shi ya ɗauka na walima ne, ya sa ƙwallon a aljihu yana ta jiran a kawo takardar zaɓe.

Nan gardama ta kaure, ko ƙwallo ƙuri'a ne. Masu so suka leƙa suka ga ƙwallaye sun fi yawa a ja, suka ce ƙuri'a ne mana, ai niyya ake dubawa. Shakir ya ce shi da idonsa ya ga ana tofa ƙwallo a jar kula don ita ce kusa da ƙofa, an mai da ita kwandon shara. Aka juya ga Uwais ya ba da fatawa. Ya yi gyaran murya ya ce mas'alar tana da fuska uku, sai wani ya lura da gefen bakinsa na sheƙi. Ɗalibin ilimi ma ya cinye ƙuri'arsa.

Kada ki tambaye ni tawa. Ta shiga jar kula, amma ba duka ba, na ɗan gutsuri gefe don in tabbatar mai kyau ce.

An ɗage zuwa Juma'a ta sama. Wannan karon zan kawo 'yan robobin nan masu kama da alamar tarawa da muke sawa tsakanin tayil. In wani ya cinye wannan, sai dai a kai shi asibiti.

Ki gaida mutan gida. Na sayi atamfarki, ban faɗa miki kalar ba don kada ki ce a canja.

Naki,
Isiyaku


Ulaisha, Riyad
1 ga Afrilu, 2016

Maman Khairat,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Inna, ya yara? Na ji kin karanta wa malaman makaranta labarin dabino har hedimasta ya ƙware da shayi. Na gode da tallan da kika yi mini. Hoton da kika turo kuma na gani, yara a gindin darbejiya, allo a jingine da kututture, Khairat ta ɗora littafi a gwiwa. Na daɗe ina kallonsa.

Yau ba ni da bakin dariya sosai. An yi zaɓe, babu wanda ya ci roba, amma ni ban jefa ba.

Ga yadda aka yi. Na raba robobi, an ci an ƙoshi tukuna, an rataya bargo. Har na miƙe zan fara shiga sai Shakir ya ce a dakata, yana da tambaya ga Alhaji. Wai bashin nan na shekara nawa ne? Aka ce biyu. Wai Isiyaku saura wata nawa ya tafi? Kowa ya juyo yana kallona. Ya ce to ina adalci a nan, mutum ya yi odar abinci ya fice ya bar wa na zaune biya? Ya ce ni na fi kowa zaƙewa don na san wata biyu kawai zan biya, sauran wata ashirin da biyu ina gida ina shan fura a ƙarƙashin sabon kwanon matata. Yana faɗa yana murmushin nan nasa na taubasai, aka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, don kowa ya ga maganar ta zauna.

Na koma na zauna da robata a hannu. Malama, ban taɓa lissafa abin ta wannan fuskar ba, Allah shi ne shaida. Amma gaskiya ce. Akwai masu wata uku ba a biya su albashi ba, shi kansa Shakir yana cikinsu. Akwai mai aurar da 'ya bana. Ni na zo ina yi musu wa'azin jinka, alhali hannuna na kan jakar tafiya.

Alhaji Talle ya yanke hukunci cewa ƙuri'a ta wanda zai zauna ya biya ce. Ya karɓi robata ya sa a aljihu. Haka na koma gefe, ni da na kawo robobin, ni da na ari kulolin, ina kallo kamar baƙo a gidan suna. Mutum talatin suka shiga suka fito. Aka zazzage a kan darduma, Uwais ya ƙirga sau uku, da Hausa, da Larabci, da Turanci, ko Allah zai sa wani harshen ya ba da wani abu daban. Goma sha biyar, goma sha biyar.

Sakatare ya ce ranar sha biyar ga wata ce ƙarshe, in ba a ba ɗan kasuwa amsa ba zai sayar da kayansa. Don haka za a sake jefawa sau ɗaya tak a ranar, kuma in aka sake yin kunnen doki, an faɗi ke nan.

Mutum ɗaya nake nema. Kilishin da kika aiko mini da yajin nan duk na rabar a kamfe da yamman nan, ban ko ɗanɗana ba. Matsalar ƙuri'ar sirri ita ce ba ka san wa za ka ba kilishi ba. Duk wanda na je wa sai ya dafa ƙirji ya ce ai shi ja ya jefa. Na lissafa masu rantsuwar ja sun kai ashirin da tara, Shakir kaɗai ya amsa shuɗiya, shi ma ya karɓi kilishin ya ce na hanya ne. Ko dai robobina sun iya tafiya da kansu, ko kuwa akwai mutum goma sha huɗu da ya kamata su yi kaffara.

Ki taya mu da addu'a. Ki ce wa Khairat ta daina ɗora littafi a gwiwa tana sunkuyo, mu a danginmu baya ba shi da ƙwari.

Mijinki,
Isiyaku


Ulaisha, Riyad
15 ga Afrilu, 2016

Maimunatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida Inna, ina gaida yara. Ina fatan wannan takarda ta same ki ke kaɗai. Kada ki karanta ta a ofishin malamai.

Na san kafin ta iso kin ji guɗa a gari. An ci zaɓe, Riyad ta yarda. Sakatare ya ce motar kwano za ta taso daga Kano ranar Litinin, magina su fara da ajin da ya tsage. Makaranta ba za ta rufu ba, ba za a kai ki ko'ina ba, Khairat za ta gama aji shida a garinsu. Alhamdu lillahi.

Saura abin da sakatare bai sani ba.

Kwana goma na yi ina neman mutum ɗayan nan ban samu ba. Ranar Talata muna aiki a Al-Suwaidi aka kawo kujerun yara, kowace da 'yar ma'ajiyar jaka a gefe. Na tsaya ina kallo har ɗan kwangila ya daka mini tsawa, yalla yalla. Da aka tashi ban bi motar ma'aikata ba, na tari tasi na tafi ofishin kafili. Na ce masa na fasa tafiya, a sabunta mini iƙama, wato takardar zamana, zan ƙara shekara biyu. Mutumin nan da bai taɓa ba ni ko ruwa ba ya sa aka kawo mini gahawa, ya fito da takarda tun ban gama magana ba, kamar dama a aljihunsa take kwana. Na sa hannu. Ya ce zai ba ni hutun wata guda baɗi, amma kin san alkawarin kafili.

Yau bayan an ci abinci na miƙa wa Alhaji Talle takardar. Ya sa tabarau ya duba, ya ba Uwais ya karanta wa jama'a, wannan karon a taƙaice. Alhaji ya laluba aljihu ya fito da robata, ashe mako biyu tana nan, har an wanke rigar da ita. Ya ce in fara shiga. Da na fito babu mai kallona, kowa ya sunkuyar da kai kamar ana karanta masa laifinsa.

Ni lissafina sha shida da sha biyar. Aka zazzage jar kula, robobi suka yi ta zuba. Ashirin da takwas. Shuɗiya uku.

Malama, kin ji fa. Na sayar da shekara biyu don ƙuri'a ɗaya, aka ci da ratar ashirin da biyar. Na rasa ko in yi kabbara ko in nemi dutse. Na ce musu ina kuka ɓoye wannan alherin mako biyu da suka wuce, da kun fito da shi da yanzu ina ɗaure kaya. Wani ya ce ai da ba su ga takardar ba da ba su san abin da gaske ba ne, sun ɗauka ina yi ne don a yabe ni a wurin matata. Alhaji ya ce haka mutanenmu suke, ba sa jin wa'azi sai sun ga liman ya fara cire hularsa ya sa a faifai.

Shakir ya biyo ni har bakin titi. Bai yi murmushi ba, abin da ban taɓa gani ba tun muna yara. Ya ce shi fa tsokana ce ta kai shi, ya so ne ya kunyata ni a yi dariya a wuce, bai taɓa zaton akwai mahaukacin da zai je wurin kafili ba. Ya rantse ja ya jefa yau. Ya ce in zo mu koma ofishin tare, zai yi magana, zai ce aljanu ne suka taɓa ni. Na ce masa takarda ta riga ta shige, kuma ko da za ta fito, mutum ashirin da bakwai sun ɗauki kaya saboda sun ga na ɗauka, ba zan zame in bar su ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ya tsaya yana share ido da gefen hula, wai ƙurar aikin jirgin ƙasa ce. Na ce tunda abin ya dame shi haka, ya dawo mini da kilishina.

To ga shi na faɗa miki. Ba zan zo Sallah ba, ba wannan ba, wataƙila ba ta gaba ba. Atamfar zan ba Alhaji ya sa a kayan wannan watan, kore ce mai ganye, in ba ta yi miki ba ki ba Inna. Ita Inna kada ki gaya mata yanzu, ni zan kira ta in sha faɗan da kunnena. Yaran kuma na bar miki, kin fi ni sanin yadda ake faɗa wa yaro abu.

Na san abin da zai fi ɓata miki rai ba zaman ba ne, rashin shawara ne. Shekara goma sha uku ban taɓa sayen ko tunkiya ban tambaye ki ba. Sau biyu na ɗauki waya a cikin tasin nan ina ajiyewa. Na ga in na tambaye ki, ɗayan biyu ne. Ko ki ce in dawo, a rufe makaranta, ki riƙa ganin laifin kanki duk ranar da kika wuce ta gaban kangon. Ko ki ce in zauna, ni kuma duk daren da bayana ya hana ni barci in tuna ke kika ce. Ban so ɗayanmu ya riƙe ɗaya a zuciya ba. Gara laifin ya zama nawa ni kaɗai, ki san wanda za ki yi fushi da shi.

Ina kewarki fiye da yadda hannuna ya iya rubutawa. Ki yi fushin, kina da gaskiya, amma kada ki yi shiru. Ina jiran amsarki ko da faɗa ce tun daga sama har ƙasa.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Naki, wanda ya ce zai zo bai zo ba,
Isiyaku